Gashin Dankali Ba Sai da Na'ura Ba

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo kicin ɗin matan birni, daga Kano har Kaduna da Abuja. A yanka dankali siri-siri kamar za a soya, a shafa masa ɗan mai da yaji, a jera a faranti, a tura cikin obin ko cikin na'urar nan mai gashi da iska mai zafi, wadda ake ce wa eya-firaya. Daga dankali aka koma karas da kabewa, har da kuɓewa. A haɗa da ƙwai ko kifi, kafin a kira isha'i abincin dare ya sauka. Ni ina goyon bayan wannan yayi, ina kuma so ya zauna da gindinsa. Fargabata ita ce a mayar da shi abin 'yan gayu, a ɗaure shi da na'urar da yawancin gidajenmu ba za su iya saya ba, ballantana su ciyar da ita wuta.

Kowa ya san yadda muke suya. A cika kasko da mai, a soya dankali, a tace man a ajiye, gobe a soya kifi da shi, jibi ƙosai, har ya yi duhu yana kumfa yana ƙauri. Babu macen da ke yin haka don sakaci. Tsada ce, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya haura, man gyaɗa ya zama abin lallaɓawa. Sai dai man da aka yi ta ƙonawa ya riga ya lalace, kuma cikin yaranmu yake tafiya. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, shi kuwa soyayyen dankali shan mai yake yi ba ƙaƙƙautawa. A gashi, cokali ɗaya ko biyu ya ishi rabin kilo na dankali, kuma sabon mai ne kowane lokaci. Ko da babu maganar lafiya, wannan kaɗai ya isa hujja ga mai cefane.

Ita na'urar, kamfanin Philips ya fito da irin tasa a 2010, kuma ba wani siddabaru ba ne a cikinta: ƙaramin obin ne mai fanka da ke kaɗa zafi ya zagaye abinci. Tana aiki da kyau, ba na musu. Amma tana jan wuta kamar dutsen guga, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, kuma a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na masu layin da ya fi samun wuta zuwa naira 225 kowane yunit. Sauran jama'a kuwa, wa ya san lokacin da za a kawo? Matar da ta yanka dankalinta tana jiran wuta, yara za su kwana da yunwa.

Gashi namu ne tun kafin lantarki. Dankalin da ake binnewa a toka mai zafi bayan an sauke tuwo, masarar da ake gasawa a bakin titi da damina, gurasar da matan cikin birnin Kano ke mannawa a jikin tanderu, duk wannan fasaha ɗaya ce. Masu yin kek a gida sun daɗe suna zuba yashi a gindin babbar tukunya, su ɗora gwangwani a kai, su rufe. Wannan tukunyar za ta gasa dankali. A bar ta ta ɗauki zafi sosai a kan gas ko gawayi kafin a saka farantin, idan murhun gawayi ne a ɗora 'yan garwashi a kan murfin don zafi ya sauko ta sama.

Inda mutane ke karaya shi ne gwajin farko, dankali ya fito laɓe-laɓe, sai a ce ai gashi ba ya kai suya. Yawanci ruwa ne matsalar. Dankalin Turawa, irin wanda ake kawowa daga Bokkos da Mangu a Filato, yana da sitaci a jikinsa. Bayan an yanka a jiƙa shi a ruwan sanyi kamar rabin awa, a tsane, a goge da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙayau. Kaurin yanka ya zama ɗaya, kamar ɗan ƙaramin yatsa, don kada wani ya ƙone wani bai nuna ba. A shafa mai da hannu ya game kowane yanka. Sannan kada a cunkusa: idan suna haɗe da juna tururi za su yi, su dahu maimakon su gasu. A obin, zafin digiri 200 zuwa 220 ake so, minti 25 zuwa 30, a juya su sau ɗaya a tsakiya. Gishiri sai an sauke, domin yana jawo ruwa. Dankalin Hausa yana da zaƙi, shi ya sa yake saurin ƙonewa kuma ba ya son yin ƙaras-ƙaras. A barbaɗa masa ɗan garin sitaci kafin mai, a riƙa dubawa. Kuɓewa idan aka tsaga ta biyu aka gasa, yauƙin yana tafiya, yaron da ke gudun miyarta sai ya cinye. Rogo kuwa dole a dafa shi tukuna, ba a gasa shi ɗanye. Yajin ƙuli-ƙuli, wanda muke ci da tsire, ya fi duk wani haɗin kanti dacewa da wannan gashi.

Akwai abin da ba na so a yaudari kowa da shi. Gasasshen dankalin da aka luma cikin mayonis, aka marmasa masa dunƙule biyu, bai zama abincin lafiya ba don kawai bai shiga kasko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule yawancinsa gishiri ne. Hukumar ta kuma ba da shawarar cin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, amma ta cire dankali da rogo daga lissafin, domin su sitaci ne, a sahun tuwo da shinkafa suke. Mai ciwon suga ya san da wannan. Saboda haka faranti bai cika ba sai da kwaɗon zogale ko na rama a gefe, ko kabeji da tumatir da albasa, da abin gina jiki, ko da dafaffen wake ne. Haka nan kada a bari ya yi baƙi. Tun 2002 masu bincike a Suwidin suka gano wani sinadari da ke fitowa idan abinci mai sitaci ya sha wuta da yawa, a suya ko a gashi, kuma ana zargin yana da illa. Da ya yi ruwan zinariya a sauke.

Wanda na fi so a ƙara nema a kasuwa shi ne dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo. Yana ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ƙarancinsa ke raunana idon yara da garkuwar jikinsu. Aikin yaɗa shi a Afirka ne ya sa aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low kyautar abinci ta duniya a 2016, tare da Howarth Bouis. Jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sai da ɗan maiƙo, don haka cokalin man nan da ake shafawa yana da amfaninsa. Manomi kuwa ba zai shuka abin da ba a tambaya ba. Idan mata suka yi ta tambayarsa a 'Yankaba da sauran kasuwannin kayan gwari, dillalai za su kai saƙon ƙauye.

Sai maganar wadda ke tsaye a kicin. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ta dawo gida da la'asar, ko mai sana'ar cikin gida da ta wuni a kan keken ɗinki, ita ake jira ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya, kowane dare. Ban ce a bar tuwo ba. Tuwon dawa da miyar kuka abinci ne na ƙwarai, kuma ya fi yawancin abin da ake sayarwa a leda. Na ce dare biyu ko uku a mako, a yarda abincin dare ya zama faranti ɗaya a wuta da kwano ɗaya na kwaɗo, ta samu ta zauna ta duba karatun yara. Maigidan da ke cewa, "Maman Abba, wannan ai abin taɓawa ne, ina abincin?" ya duba abin da ke gabansa: dankali rabin kilo, ƙwai biyu, zogale da ƙuli, sun ƙosar da magidanci. Idan bai ƙoshi ba a ƙara masa wake. Yanka dankali da goge shi kuma aiki ne da shi kansa ko manyan yaran gida za su iya kamawa kafin ta idar da magariba.