Idon Kumbo da Idon Manomi: Sharhi kan Wariyar Ilimi a Ƙasar Madarunfa

1. Gabatarwa

Akwai ra'ayi biyu da ake yawan ji tsakanin ƴan boko. Na farko na cewa binciken sararin samaniya almubazzaranci ne ga ƙasar da ke fama da yunwa. Na biyu na cewa abin da na'ura ba ta auna ba camfi ne. Wannan ƴar maƙala tana sukar ra'ayoyin biyu, ta hanyar duba tarihin itatuwan gona a jihar Maraɗi, inda Madarunfa take.

2. Abin da kumbo ya gani

Tun da Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, ake ɗaukar hoton doron ƙasa daga sama a kai a kai. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don bin diddigin ruwan sama da amfanin gona. Duk da haka, shekaru da dama rahotanni suna ta maimaita cewa hamada na cinye Sahel. Sai da Gray Tappan da Chris Reij suka kwatanta hotunan 1975 da na 2005, sannan aka tabbatar da cewa itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin Maraɗi da Damagaram. Ƙiyasin da aka buga a 2009 ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. Ba don hoton sama ba, da wannan aiki bai fito fili ba. Wannan ya isa amsa ga ra'ayi na farko.

3. Abin da manomi ya riga ya sani

To amma wa ya raya itatuwan? Manoma ne, ta hanyar sassaben zamani, watau barin tohon kututture a gyara shi maimakon a sare. Tony Rinaudo ya soma yaɗa dabarar a Maraɗi a 1983, sai dai tushenta yana cikin sanin mutanen ƙasa. Manomin Madarunfa ya daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, domin gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi toho da rani, dabbobi su sha inuwa su bar taki. Amma malaman gona sun yi ta koya masa share gona ƙal, kuma dokar gandun daji ta 1974 ta bar ikon itace a hannun gwamnati, har zuwa sabuwar dokar 2004. Ke nan shaidar manomi ba ta karɓu ba sai da tauraron ɗan'adam ya sa mata hannu. Nan wariyar take.

Irin wannan ya faru da yoga ta Indiya, wadda likitocin Turai suka daɗe suna ɗauka tsafi, kafin a soma auna tasirin sarrafa numfashi a kan bugun zuciya. Indiyar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni don yoga a 2014, ita ce ta saukar da kumbon Chandrayaan-3 a kan wata a 2023. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

4. Kammalawa

Ba muna cewa duk abin da aka gada gaskiya ba ne. Akwai da'awar ƴan yoga da ta bokayenmu da ba za su tsallake gwaji ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. Laifin shi ne yanke hukunci kafin gwaji. Saboda haka muna ba ɗaliban da ke nazarin tabkin Madarunfa ko dajin Babban Rafi shawara su riƙa ajiye taswirar sama kusa da bayanin masunta da manoma da makiyaya, su rubuta bayanin da Hausar masu shi, sa'an nan su gwada kowanne da ɗan'uwansa. Inda suka saɓa, nan ne bincike ya kamata ya fara.