Hannun da ke zaunar da murjani kan dutse

Murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata dabba ce da ake cirowa daga ƙarƙashin Bahar Rum. Dabbar tana da dangi masu yawa a tekuna masu ɗumi, irin su Bahar Maliya da gaɓar Indonesiya, waɗanda Allah bai ba su wannan ƙashi ba. Jikinsu tsoka ce mai taushi, sai 'yan mitsi-mitsin tsinkayen alli da ke warwatse cikin naman suna taimaka masa ya tsaya. Su ne masu kiwon halittun teku a gida ke kira murjani mai laushi. In ka gan shi cikin tankin gilashi yana rausaya, ka rantse tsiro ne, alhali taron ƙananan dabbobi ne da suka haɗa jiki ɗaya, kowace da bakinta da 'yan yatsu takwas kewaye da shi.

A teku, wannan halitta tana kafe ne a jikin dutse. Mai kiwo kuwa yawanci yanki yake samu daga wurin abokin sha'awa, ɗan guntu kamar babban yatsa, ba gindi ba makama. Ya sake shi cikin tanki haka nan, ruwan da injin tankin ke turawa ya yi awon gaba da shi, ya mirgina shi bayan duwatsu ko ya cusa shi bakin injin. Can cikin duhu yunwa za ta kashe shi, domin galibin abincinsa daga wata ƙwayar gansakuka yake fitowa, wadda ke zaune cikin namansa tana sarrafa haske. Dole ke nan a zaunar da shi wuri ɗaya, inda haske ke sauka.

Da murjani mai ƙashi ne, da aikin bai kai a yi rubutu a kansa ba. A ɗiga gam mai kauri irin sufa-gulu a gindinsa, a danna a dutse, danshi ya sa gam ɗin ya daskare, shi ke nan. Mai laushi bai yarda da wannan ba. Da ka taɓa shi sai ya feso yauƙi, ya fitar da ruwan jikinsa ya tsuke. Gam ɗin yauƙin yake kamawa, kafin gari ya waye murjanin ya suɓuce ya bar gam a dutse. Sabon shiga yakan ƙara gam, ya sake dannawa, har naman ya ƙuje ya fara ruɓa.

Gwani ya san abin da sabon shiga bai sani ba: murjanin ne da kansa zai kama dutsen. Aikin gwani irin na maɗori ne, wanda ke daidaita karaya ya ɗaure da karare ya bar ƙashi ya haɗe kansa. Wurin da aka yanka, muddin ya jingina da dutse bai motsa ba, zai tofo sabon nama ya shiga ramukan dutsen ya riƙe. Hakan kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin murjanin da lafiyar ruwan. Duk dabarun wannan sana'a a kan abu ɗaya suke zagaye, wato yadda za a hana yankin motsi na tsawon waɗannan kwanaki ba tare da an ji masa ciwo ba.

Ɗauki wanda ake kira Sarcophyton, mai kamar lema a kan kara. Gwani zai fito da uwar murjanin cikin kwano mai ruwan tankin, ya sa sabuwar reza ya zare gefen lemar da yanka ɗaya, ba gurzawa, ya gutsuttsura zaren gida-gida. Ruwan kwanon zai yi kauri da yauƙi. Ba ya mayar da shi tanki, saboda irin wannan murjani yana fitar da sinadaran da ke cutar da maƙwabtansa, shi ya sa ma ake ƙara gawayin tace ruwa bayan yanka. Sai ya ɗauraye guntun a wani kwanon, ya zaɓi ɗan dutse mai kaushi da rami-rami, ya kwantar da wurin yankan a kansa, fuskar da ke da bakuna tana kallon sama. Sannan ya ɗauko robar ɗaurin kuɗi.

A nan hannu ke nuna kansa. In robar ta matse, cikin kwana biyu za ta nutse cikin naman ta raba shi biyu, kowane ɓari ya kama gabansa. In ta yi sako-sako, da murjanin ya tsuke da dare sai ya zame. Ga shi kuma jikin da kake aunawa yanzu a tsuke yake, anjima zai sha ruwa ya kumbura. Saboda haka gwani yana ɗaure girman da abin zai kai ne nan da wasu sa'o'i, kuma babu ma'aunin da ke nuna wannan sai yatsun da suka saba. Ni dai wannan ne wurin da ya fi burge ni a duk aikin.

Masu rassa, kamar Sinularia da wanda ake kira bishiyar Kenya, sun fi santsi, don haka akan soke su. Wasu sukan zura tsinken sakace ta gindin reshen, su ɗaure bakin tsinken biyu da roba a jikin dutse, ta yadda matsin zai faɗa kan tsinke, naman kuwa ya jingina kawai. Wasu allura suke sawa da zaren fatsa, su ɗinke gindin su zagayo dutsen su ƙulla. Mai kallo zai ji tausayi, amma ƙaramin huji ɗaya ya fi warkewa da sauri a kan matsi na kwanaki. Bayan ya kama, a yanke zaren a zare shi a hankali.

Akwai kuma waɗanda ba sa ɗauruwa sam, irin Xenia mai buɗe yatsu tana rufewa, da masu faɗi da ake kira naman kaza. Su akan zuba tsakuwar teku a ƙaramin kofin roba, a saka su ciki, a rufe bakin da raga, a ajiye inda ruwa ba ya bugu da ƙarfi. Kowane zai zaɓi tsakuwarsa ya kama. A kiyaye, kada a yanko ragar daga gidan sauro mai magani, domin maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Da yanki ya kama tsakuwa, sai gam ya sami aikin yi: dutse ake mannawa a kan dutse, wani lokaci da ƙarin ƙullin efokzi a tsakani.

Saura jira, wanda ya fi ɗaurin wuya. Murjanin da aka yanka yakan yi fushi. Sarcophyton kan rufe bakunansa, ya lulluɓe kansa da wata fata mai sheƙi na kwanaki, kafin ya saɓule ta ya buɗe. Mai gaggawa zai ce ya mutu, ya ɗaga ya duba, ya tsinke ɗan naman da ya fara kamawa, aiki ya koma farko. Gwani yana bambance fushi da ruɓa. Naman da ya yi baƙi, yana narkewa, yana wari, shi ake yankewa nan take. Wanda ya tsuke kawai a ƙyale shi, a tabbatar gishirin ruwa na nan wajen giram 35 a kowace lita, zafinsa tsakanin digiri 24 zuwa 26. In yana so ya gwada, sirinji yake cikawa da ruwa ya fesa a hankali. Yanki bai gusa ba, to ya kama.

Tun kafin ya manna, gwani ya riga ya hango shekara mai zuwa. Xenia yaɗuwa take yi har ta mamaye tanki, shi ya sa ake ba ta dutsenta ita kaɗai a tsakiyar yashi. Kuma ba ya aiki da hannu tsirara. Wasu daga cikin masu kamar maɓalli, dangin Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, wadda masana suka fara warewa a Hawaii a 1971, tana kuma cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. Safar hannu da tabarau wajibi ne, kuma ba a tafasa dutsen da suke kai, domin tururin kaɗai ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti.

Wannan ɗan aiki na reza da roba yana da amfanin da ya wuce ado. Uwa ɗaya a tanki tana iya ba da yanki bayan yanki shekara da shekaru, kowane ya girma a yanka shi a ba wani, ba a sake taɓa teku ba. Wuraren da waɗannan halittu ke rayuwa suna bukatar wannan sauƙi, irin Sanganeb da ke cikin Bahar Maliya kusa da Port Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. Mai son farawa ya nemi yankin da aka raina a tanki, ya fara da bishiyar Kenya mai haƙuri da kuskure, in ya ɗaura kuma ya cire hannunsa daga ruwan har mako biyu.