Juyayyen Aji: Me Malami Ke Yi da Lokacin da Ya Samu?

A shekarar 2007, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a sakandaren Woodland Park da ke jihar Kolorado a Amurka, suka fara naɗar bayanin darussansu a bidiyo domin ɗaliban da wasanni da tafiye-tafiye ke sa su rasa aji. Daga nan suka juya tsarin kacokan: ɗalibi ya kalli bayani a gida, aikin da aka saba ba shi ya tafi da shi kuma a yi shi a aji, malami na tsaye. Littafin da suka fitar a 2012 ya taimaka wajen yaɗa dabarar.

Hujjarsu tana da ƙarfi. Ɗalibi ya fi buƙatar malami a lokacin da lissafi ya cije masa, a tsohon tsari kuwa lokacin nan yakan same shi da dare, shi kaɗai da littafi.

Sai dai masu koyi da su da yawa sun riƙe bidiyon sun saki abin da ke raya shi, wato gwajin fahimta. Eric Mazur, malamin fiziya a Jami'ar Harvard, ya nuna hanyar tun farkon shekarun 1990. Yakan jefa tambaya ɗaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ga na kusa da shi ya kare zaɓinsa, a sake ƙuri'a. Cikin 'yan mintoci malami ya san inda aka yi tuntuɓe. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam suka tattara bincike da ke nuna cewa gwajin da ake yi ana tsakiyar koyo, domin gyara koyarwa, yana ɗaga ɗalibai, musamman na baya.

Mu ma irin wannan gwaji ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun ya ji ya zauna. Gwajin ne ke yanke ko a ci gaba ko a maimaita, ba a jira ƙarshen zango.

Cikas a wajenmu a fili yake: kuɗin data, ɗaukewar wuta, waya ɗaya a gida mai yara da dama. Amma shafi guda da aka buga ko saƙon murya ta WhatsApp na iya tsayawa a madadin bidiyo. Abin da ba shi da madadi shi ne malami ya buɗe aji da tambayoyi uku ko huɗu, ya duba amsoshin nan take, ya kuma yarda ya sauya shirinsa saboda abin da ya gani. Malamin da ya tura darasi gida bai yi wannan ba, ya sauke nauyinsa ne a kan yaro, kuma ɗan talaka ne zai fara jin jiki.