Daga Ƙofar Zaure Zuwa Ƙeyar Mota

Kwanakin baya wani malami ya ce a gaban jama'a wai fentin da ake yi wa manyan motoci ba ya cikin kayan gadonmu, kwalliyar tasha ce kawai da aka aro daga Kudu. A ganinsa gado shi ne badala, da Gidan Makama, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Waɗannan kam ba mai ja. Amma da alama malamin bai taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau da hantsi ba, lokacin da 'yan dako ke loda buhunan riɗi da wake, ya ɗaga kai ya dubi jikin motar da ake yi wa lodin.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, sannu a hankali mota ta karɓi aikin jaki da raƙumi wajen kai kaya bakin layin dogo. A lokacin, kan mota da shasi ake sayowa. Kafinta ne ke haɗa bodi da katako, mai fenti ya ƙarasa. Daga baya har kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat aka kafa a Kano. Da aka buɗe kasuwar Dawanau a 1985 a kan hanyar Katsina, sai wannan gari na ƙasar Dawakin Tofa ya zama mahaɗar motocin hatsi daga Nijar da Chadi da Kamaru da Kudu. Duk mai son ganin hannun masu fenti iri-iri a wuri ɗaya, nan zai je.

To, a dubi ƙofar baya ta tsohuwar motar katako da kyau. Mai fenti ba ya farawa da hoto. Iyaka yake fara ja, layi biyu ko uku masu launi daban-daban, ya kewaye allon kaf. Sai ya raba shi biyu daidai, abin da ya sa a dama ya maimaita shi a hagu: ganye da ganye, tauraro da tauraro. Tsakiya kuwa abu ɗaya tak yake bai wa, ko masallaci, ko zaki, ko mikiya ta buɗe fukafukai, ko dagi. Magana tana can sama, inda ido zai fara sauka.

Yanzu a je a tsaya gaban tsohon zaure a ƙauyukan da ke kewaye. Ƙofa a tsakiya, zane ya kewaye ta, dama ta yi daidai da hagu, zanko ya tsaya a sama. Tsarin ɗaya ne. Magini ba ya watsa ado ko'ina a bango. Yana tara shi ne inda baƙo zai yi sallama. Mai fenti ma ya tara nasa inda na baya zai daɗe yana kallo a kan titi.

Dagi shi ya fi nuna wannan dangantaka. Layi ne da ke hawa ya sauka, ya bi ta kan kansa, ya kutsa ta ƙarƙashi, har ya koma mafarinsa ba tare da ya tsinke ba. Magini yana fitar da shi tun yaɓe na ɗanye, kafin ya bushe a shafa makuba. Mai fenti ma tilas ya ja burushi da numfashi ɗaya, domin in hannu ya yi rawa a mahaɗa guda, kowa zai gani. Wannan horon hannu ne da ake samu a gaban maigida, shekara da shekaru. Masu cewa aro ne su tuna cewa magina da kansu sun zana keke da mota da jirgin sama a bangayen Zariya da Kano. Mota ta hau bango kafin bango ya hau mota.

Rubutun ma namu ne. "Hassada ga mai rabo taki." "Mahaƙurci mawadaci." Habaici ne da wa'azi a dunƙule, gajere yadda direban baya zai karanta kafin ya wuce. Zaure yana faɗin matsayin maigida, mota tana faɗin abin da mai ita ya sha kafin ya mallake ta.

Abin da ke damuna shi ne cuta ɗaya ce ke cin su biyun. Bulo da kwano sun kori tubali da azara. Bodin ƙarfe da sitika sun kori katako da burushi. Zaure ya zube a damina a kwashe ƙasar a kai gona, mota ta tsufa a sayar wa 'yan gwangwan. Babu wanda ya ɗauki ko hoto.

Ba sai an jira gwamnati ta gina gidan tarihi ba. Shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi za su iya sayen motar katako ɗaya mai cikakken zane, su yi mata rumfa a bakin kasuwa. Dagatai da masu unguwanni su ƙirga zaurukan da suka rage, a riƙa yi musu yaɓe kafin ruwa ya sauka. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta aiko a naɗi bayanin tsofaffin magina da masu fenti tun suna raye. Jama'ar Dawanau, hatsi ya sa duniya ta san ku. Ku riƙe motar da ta yi dakonsa da zauren da aka auna shi a ciki.