Bango Mai Ba da Tarihi: Nazari a Kan Zane-zanen Tashar São Bento

Gabatarwa

Tashar jirgin ƙasa wuri ne na gaggawa, ba a gina ta domin a tsaya kallo ba. Saboda haka duk mai zanen da aka ba bangonta, an ɗora masa nauyin jawo hankalin mutumin da zuciyarsa ke kan agogo. Wannan maƙala za ta dubi yadda Jorge Colaço ya sauke wannan nauyi a tashar São Bento ta birnin Porto, a arewacin Fotugal, da irin tarihin da ya zaɓa ya nuna, da wanda ya yi shiru a kansa.

Ginin da zamaninsa

An gina tashar ne a filin wani tsohon gidan mata masu zaman zuhudu, kuma daga nan ta gaji sunanta. Sarki Carlos na Ɗaya ya aza harsashinta a 1900, aka buɗe ta a 1916. José Marques da Silva, wanda ya yi karatu a Faris, shi ya tsara ginin, shi ya sa fuskarsa ta dutse ta ɗauko kamannin gine-ginen Faransa. Zamanin kuwa na ƙunci ne ga Fotugal. A 1890 Ingila ta tilasta mata janye burinta na haɗe Angola da Mozambik, an kashe Sarki Carlos a 1908, sarautar kanta ta rushe a 1910. Al'ummar da ta ji kunya a yau, takan nemi abin alfahari a jiya. Da wannan ido ya kamata a kalli bangon.

Zanen da ke zauren

Colaço ya lulluɓe zauren shiga da tayil kimanin 20,000, aikin da ya ci daga 1905 zuwa 1916. Zanen ya kasu gida uku. Akwai manyan fagage huɗu na tarihi cikin shuɗi da fari: karawar Valdevez ta wajen 1140, Egas Moniz yana miƙa kansa da iyalinsa ga Sarkin León domin fansar alkawarin da aka saɓa, shigar Sarki João na Ɗaya birnin Porto tare da amaryarsa Philippa ta Ingila a 1387, sai cin birnin Sabta a 1415. Akwai kuma hotunan rayuwar karkara, irin su girbi da shanun noma da tarukan ibada. Can sama, dab da rufi, wata ɗamara mai launuka da yawa ta zagaye zauren tana nuna yadda sufuri ya ci gaba har zuwan jirgin ƙasa.

Gwanintar aikin ba abar musu ba ce. Da launi ɗaya tak, mai zanen ya fitar da nesa da kusa, da ƙurar dawaki, da nauyin sulke, ta hanyar tsananta shuɗin ko sassauta shi. Tayil kuma yana jure hayaƙi da laima, ga sauƙin wankewa, don haka ya dace da tashar da aka gina a zamanin jiragen gawayi. Amma fagagen ba su zo daidai ba wajen rai. Sarakunan sun sandare kamar 'yan wasan kwaikwayo da aka ce su tsaya a ɗauki hoto. Manoman kuwa suna motsi, kowa da abin da ya sa a gaba. Matafiyin da ya sauko daga ƙauyukan Minho ko Douro, sunayen da aka rubuta a rufin zauren, a nan yake ganin kansa.

Fagen Sabta

Fagen da ya fi bukatar tsokaci shi ne na Sabta, wadda Turawa ke kira Ceuta. An nuna Yarima Henrique a matsayin gwarzo, mutanen garin kuwa rabonsu a zanen shi ne shan kashi. Mai kallo ba zai gane daga bangon cewa birnin ilmi da ciniki ne aka ci ba. A Sabta aka haifi Alƙali Iyal, mawallafin Ashafa da malaman ƙasar Hausa ke karantawa har yau, kuma a nan aka haifi al-Idrisi, masanin taswirar duniya. Tana kuma cikin mashigun da zinariyar Afirka ta Yamma ke bi bayan ta ƙetare Sahara. Bayan cin garin an mai da babban masallacinsa coci, kuma masana tarihi daga wannan shekara suke fara lissafin mamayar Fotugal a ƙetare.

Abin lura shi ne, kayan aikin da kansa yana faɗin abin da hoton ya ɓoye. Sunan wannan tayil a harshen Fotugal, wato azulejo, daga Larabci ya samo asali, daga kalmar zulaij, kuma sana'ar ta shigo ƙasar ne ta hannun magina na Andalus. Shi kansa Colaço a Tanja ta Maroko aka haife shi a 1868. Ashe da gadon waɗanda aka ci da yaƙi aka zana faɗuwarsu.

Kammalawa

Tun da UNESCO ta sa tsohon birnin Porto cikin kayan tarihin duniya a 1996, zauren ya zama wurin baje koli na dindindin, inda masu ɗaukar hoto ke gogayya da masu neman jirgi. A 2024 ma an buɗe kasuwar abinci ta Time Out a wani ɓangare na ginin. Yawan masu kallo ya ƙara wa bangon iko, domin baƙo da yawa daga gare shi kaɗai zai san tarihin Fotugal. Gyara a nan ba kankare zane ba ne, don shi ma shaida ne na tunanin zamaninsa. Abin da ya wajaba ga malami da mai nazari shi ne su karanta shi yadda ake karanta kirarin sarki: a yaba azancin maroƙi, sa'an nan a nemi labarin garin da aka ambata cikin waɗanda aka ci.