Bonsai Daga Daji: Abin Da Bidiyon Bai Nuna Maka Ba

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a YouTube ko Facebook: mutum ya shiga daji da diga, ya tono wani tsohon itace gajere mai kaurin gindi, ya datse masa saiwoyi, ya dasa shi a kasko, ya naɗe rassansa da waya. Cikin minti 15 sai ga dattijon itace zaune a kan tebur, gwanin sha'awa. Wani abokina ɗan Faru, a ƙaramar hukumar Maradun, ya turo min irinsa, ya ce: "Ai mu ma muna da waɗannan kututturan a bayan gari, har da na faru, takwaran garinmu. Mu tono ɗaya mana!" Na ce masa a'a. Bari in gaya maka dalili, don na san ba shi kaɗai bidiyon ya burge ba.

Da farko, a ba kowa haƙƙinsa. Bonsai fasaha ce ta gaske. Asalinta daga Sin ne, Japanawa suka karɓa suka raya ta, kuma ma'anar kalmar ita ce dashe a faranti. Ba wani irin itace ne na daban ba. Itace ne kamar kowane, takura saiwa da yawan datsa ne suke hana shi tsawo. A gidan adana bonsai na birnin Washinton akwai wanda ake reno tun 1625. Yana Hiroshima lokacin da bam ya faɗa a 1945, ya tsira, mai shi Masaru Yamaki ya ba da shi kyauta a 1976. Ka ga ke nan sana'a ce ta masu haƙuri. To, haƙurin nan shi ne abu na farko da bidiyon ya yanke.

Ka duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ba manyan saiwoyi ne ke shan ruwa ba, aikinsu riƙe itace da ajiyar abinci. Masu shan ruwa su ne 'yan sirara kamar gashi da ke can ƙarshe. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu, itatuwa kamar gawo da aduwa da tsamiya suna tura uwar saiwa can ƙasa, wasu kuma su baza saiwoyi nesa da gindi. Duk wanda ya haƙa rami kusa da gindi ya ciro itacen, ya baro bakinsa a daji ne, ya ɗauko gangar jiki. Ganye kuwa bai san an yi ba, zai ci gaba da fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa har itacen ya bushe.

Za ka ce, ai a ƙarshen bidiyon an nuna ya yi toho. Nan ne yaudarar take. Gindin itace yana ajiye sitaci, kuma da wannan ajiya yana iya fitar da sabon ganye ko da babu saiwa ɗaya mai aiki. Haka gungumen ceɗiya ke tohowa bayan an sare shi an jingine. Toho na farko ba shaidar rayuwa ba ne. Shaidar ita ce itacen ya ga damina biyu, ya tsallake bazara. Shin mai bidiyon ya dawo ya nuna maka shi bayan shekara? Ba kasafai ba.

Kuskure na biyu shi ne haɗa tono da canjin tukunya da lanƙwasa a rana ɗaya. Ƙwararru sukan sa itacen da aka tono a akwatin katako, a inuwa, su ƙyale shi shekara ɗaya zuwa uku kafin waya ta taɓa shi. Lanƙwasa reshe rauni ne: yana tsattsage naman da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma warkewa sai da abinci, abinci kuwa sai da ganye da saiwa. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ƙasar da ake zubawa a kaskon. Japanawa suna amfani da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama, su gauraya da dutsen aman wuta mai huji-huji, saboda saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar oksijin. Idan ka ɗebo baƙar lakar fadamar Bakura ko ta Talata Mafara, wadda ruwan Bakolori ke shayarwa, ta dace da shinkafa, amma a kasko za ta riƙe ruwa ta shaƙe saiwa har ta ruɓe. Sannan ga yanayi. Mai bidiyon yana ƙasa mai sanyi; kai kuwa a Afrilu zafi yakan haura maki 40, kasko marar zurfi ya bushe kafin azahar. Ko lokacin canjin tukunya ba ɗaya ba ne: yawancin itatuwanmu sai gab da damina, amma gawo a damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya bi kalandar baƙi ido rufe, zai yi aikin baban giwa.

Amma ka ɗauka duk ka iya waɗannan, itacen ya rayu. Har yanzu ina da ja, kuma wannan shi ne babba. Japanawa suna kiran itacen da aka tono daga daji yamadori. Daga ƙarshen ƙarni na 19 masu tono suka yi ta hawa duwatsun tsibirin Shikoku, daga baya na yankin Itoigawa, suna farautar wani itace mai suna shimpaku, har ya kusa ƙarewa a wuraren. Yau galibin wanda ake sayarwa daga reshe ake samar da shi a lambu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu ka tuna wane irin itace ne mai tono yake nema a wajenmu: gajere, mai kaurin gindi, wanda awaki suka ci, masu itacen girki suka sara, ya murɗe ya ƙi mutuwa. To, ainihin wannan kututturen ne ya farfaɗo da gonakin Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin dashe a can, ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne, tohon tsofaffin itatuwa ne masu rayayyar saiwa. Manoma suka riƙa zaɓar toho mafi ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Ana kiran dabarar sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen bayan garin Faru ba yasasshe ba ne. In aka bar shi, gobe inuwa ne, abincin dabba ne, katanga ce ga iska. In aka tono shi, sai rami.

Ba cewa nake ka haƙura da bonsai ba. Ka samu reshen ceɗiya ka kafa, ba ya gardamar saiwa. Ka shuka ƙwallon kuka ko na tsamiya, ka datse uwar saiwa tun tana ƙarama don ta baza 'yan sirara. Kariya ma tana yin gindi mai kyau a tukunya, sai dai ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara. Ƙasa kuwa, fasasshen jan bulo da tsakuwa da gawayi da ɗan taki sun wadatar, kaskon kuma a huda masa gindi. Zai ɗauke ka shekaru, gaskiya ne. Amma itacen Yamaki ma ba rana ɗaya ya yi ba.

Abokina dai ya ajiye diga. Yanzu reshen ceɗiya biyu ne a gwangwani a tsakar gidansu, ɗaya har ya fara toho. Na ce masa kada ya yi murna tukuna, mu ga bayan bazara.