Shagon Kaset da Sabon Mawaƙi a Ƙasar Daura

A zamanin kaset, a garuruwan ƙasar Daura, irin su Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Baure a bakin iyakar Nijar, sabuwar waƙa takan fara shiga kunnen jama'a ne ta lasifikar da mai shagon kaset ya girke a bakin ƙofa. Waƙar da ya zaɓa ya yi ta maimaitawa ran kasuwa, ita 'yan acaɓa da masu shayi za su kwana suna rerawa. Wannan zaɓin shi ne babbar gudummawar shago ga mawaƙi mai tasowa, ya fi duk wani kuɗi da zai iya ba shi.

A zamanin faifan garmaho ba haka abin yake ba. Kamfanoni irin su EMI a Legas su ke ɗaukar murya, kuma sai wanda ya riga ya yi suna, kamar Mamman Shata, ko wanda Rediyon Kaduna ta ɗaga. Makaɗin garaya na ƙauye ba shi da hanyar shiga nan. Kaset ne ya buɗe masa ƙofa daga shekarun 1970 zuwa 1980. Mai shago da rikoda mai baki biyu sai ya je wurin biki ya ɗauki wasan yadda yake, har da guɗa da hayaniyar masu liƙi, ya dawo ya yi ta kwafa, ya rubuta sunan makaɗin da biro a jikin kwalin. Sautin ba ya fita tas, amma da yawa daga makaɗan karkara ba su da wata taska sai waɗannan kaset-kaset.

Da finafinan Kano suka bunƙasa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, kiɗan fiyano ya mamaye kasuwa. Matashi daga ƙasar Daura sai ya tara 'yan kuɗinsa ya tafi situdiyo a Kano, ya biya da kansa a buga masa kiɗa. Manyan dilolin Ƙofar Wambai da Bata ba kasafai suke kula wanda ba a sani ba, don haka sai ya komo gida wurin mai shagon garinsu. Shi zai karɓi faifan a kan in an sayar a biya, ya manna fasta a bango, ya ce wa mai saye, "Ga ta ɗan gida, ji ka gani." A gari na kan iyaka abin yana da ƙarin riba, domin masu cin kasuwa daga wajen Magarya da Damagaram sukan tsallaka da waƙar ba tare da mawaƙin ya taka ƙafarsa can ba. Ladan mai shago sau da yawa ambato ne: a jero sunansa cikin gaishe-gaishen ƙarshen waƙa.

Zuwan wayar hannu da memori ya mai da shagunan na turi. Yanzu kwamfuta ce a kan tebur, ga janareto, ga wayoyi jere ana caji. Mutum ya miƙa memori a cika masa, mai turi kuma ya cusa sabuwar waƙar a tsakanin na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ko ba a tambaya ba. Talla ce mai ƙarfi, sai dai ko sisi ba ya zuwa aljihun mai waƙar. Hannun da ya yaɗa ta shi ya kashe cinikinta, kuma da wuya a kira wannan adalci. Mawaƙan sun haƙura ne saboda abincinsu ya koma wani wuri: gayyatar biki, liƙi, da waƙar siyasa, fagen da Dauda Kahutu Rarara, shi ma ɗan jihar Katsina, ya yi fice a cikinsa.

Intanet ta rage wa shago iko. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar Hausa a 2020 ta kafafen sada zumunta. Amma a ƙauyukan iyaka, inda sabis ke ɗaukewa kuma kuɗin data ke da nauyi, sabon mawaƙi yakan sa waƙarsa a YouTube, sannan ya kai ta shagon turi da hannunsa.